Rediyo, jarida da talabijin sun tare a aljihu ɗaya

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Hadiza ce daga Agege, tare da Auwal, yau kuma mun yi babban baƙo, Baba Sani, wanda ya daɗe yana harkar albasa a kasuwar Mile 12. Baba, sannu da zuwa, ya hanya?

Baba Sani: Yawwa 'yata, hanya sai godiya. Cunkoso ya riƙe mu a motar haya ta danfo, amma ban yi asara ba, a waya na saurari labaran safe.

Hadiza: Ai ka buɗe mana zancen ke nan. Lokacin da ka sauka Legas, ta ina labarin gida ke iso ku?

Baba Sani: Kowane abu da gidansa a lokacin. Rediyo mai batir, ka ja eriya ka nemo gajeren zango, mu kewaye shi a rumfa mu ji BBC. Jarida kuwa sai wani ya taho da Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Zariya, ta kwana biyu a hanya, mai ilimin boko ya karanta mana. Saƙon iyali, kaset ake ɗauka. Mahaifiyata ta zauna gaban rikoda ta yi magana, a ba direban tirela ya kawo. Da na ga wannan saƙon murya na WhatsApp, na ce ai kaset ɗinmu ne ya dawo, sai dai ba ya jiran mota.

Auwal: Allah ya jiƙan Inna. Baba, abin da ya haɗa rediyo da jarida da talabijin a waya shi ne yanzu murya da hoto da rubutu duk ana mayar da su lambobi, su bi hanya ɗaya ta intanet. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Yau BBC Hausa da ta fara a 1957 kallonta ake yi a Facebook, kana ganin fuskar mai karanta labarai. RFI Hausa da aka buɗe a 2007, nan Legas aka kafa ta. Freedom Radio ta Kano ba ta kamuwa a akwatin rediyo a nan, amma a waya kamar kana Sabon Gari. Aminiya a waya, shirye-shiryen Arewa24 a YouTube.

Hadiza: Ni a gidanmu yara sun daina tambayar ƙarfe nawa za a saka shiri. Kuma ina jin daɗin yadda suke jin Hausar Kano kullum, don yaron da aka haifa a Idi-Araba, Yarabanci da Turancin buroka ne suka fi shiga kunnensa.

Baba Sani: Wannan alheri ne, ba na musu. Amma akwai abin da ya ci mana tuwo a ƙwarya. Wata rana da asuba aka turo murya a zaurenmu na 'yan albasa a WhatsApp, cewa hanya ta yanke a wajen Mokwa, motoci sun tsaya cak. Muryar ɗan jarida ce sak, irin ta gidan rediyo. Kafin hantsi masu kaya sun ɗaga farashin buhu, masu sari sun ruɗe, wasu sun ci bashi sun saya da tsada. Da azahar sai ga motocin albasa daga Aliero suna shigowa lafiya lau. Ashe rahoton gaskiya ne, amma na wata shekara da ta wuce. An yanke kansa da gindinsa aka turo tsakiya.

Auwal: Kai! To ba ƙarya aka shirya ba ke nan.

Baba Sani: Shi ya sa ya kama mu. Da a rediyo na ji, na san tashar, na san ranar, na san mai magana. Da ya fito daga rediyo ya shiga Facebook, daga can wani ya naɗa ya jefa WhatsApp, sunan tasha da kwanan wata sun zube a hanya. Muryar kaɗai ta iso, mu kuma mun saba yarda da ita tun muna samari.

Hadiza: Ni wannan ne ya fi damuna, Baba. Amanar da gidajen rediyo suka yi shekaru suna ginawa ce wani ke ara ya liƙa wa guntun saƙo. Auwal, alamar da WhatsApp ke sawa cewa an tura saƙo sau da yawa ba ta taimakawa?

Auwal: Tana nuna saƙon ya yi yawo, Yaya, amma ba ta faɗin inda aka haife shi ko yaushe. Kuma dattijon da ke sauraron murya ba lallai ya duba ƙaramin rubutun da ke sama ba.

Hadiza: To Baba, me kuka yi bayan haka?

Baba Sani: Mun zauna da shugabannin zaure. Duk wanda zai turo labarin hanya ko na farashi, sai ya faɗi tashar da ranar da bakinsa kafin ya tura. In babu, a goge. Ni kuma kafin na taɓa kuɗina sai na kira direban da ke kan hanyar, in tambaye shi ina yake, me idonsa ke gani.

Hadiza: Auwal, rubuta mana wannan ƙa'idar, mu ma mu kai ta zauren unguwa yau da daddare.