Amsoshin Tambayoyinku: Abin da Mutum Zai Tarar Idan Ya Fara Jinya ta Hanyar Tattaunawa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Wasiƙun da muka ware a wannan mako duk sun haɗu a kan batu guda, wato jinyar damuwa da fargaba ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna, abin da a asibiti ake kira saikoterafi.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a Zariya. Ta ce ta yi watanni barci yana yi mata wuya, gabanta yana yawan faɗuwa ba gaira ba dalili, an yi mata gwaje-gwaje ba a ga komai ba, daga ƙarshe likita ya tura ta wurin masanin halayyar ɗan Adam. Tambayarta ita ce: me za a yi mata a ranar farko, allura ce ko ƙwayoyi?

To, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Da farko ya kamata a rarrabe tsakanin ma'aikata biyu da jama'a kan ɗauka ɗaya ne. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke wanda ya yi karatun likitanci kafin ya ƙware a wannan fanni, kuma shi ke rubuta magani. Shi kuwa masanin halayyar ɗan Adam ba ya rubuta magani, aikinsa sauraro ne da tambaya da koyar da dabarun da mutum zai riƙe kansa da su. Akwai wanda ke buƙatar ɗaya daga cikinsu, akwai kuma wanda sai an haɗa masa biyun.

Saboda haka babu allura a ranar. Ɗaki ne za ki shiga mai kujeru biyu ko uku, a rufe ƙofa, a zauna na tsawon minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma kusan duk lokacin zai tafi ne wajen tambayoyi. Za a tambaye ki yaushe abin ya fara, yaya barcinki da cin abincinki, wa kike zaune da shi a gida, ko an yi rasuwa ko haihuwa ko wani sauyi a 'yan kwanakin nan, da kuma ko akwai wanda ya taɓa irin wannan lalura a danginku. A wasu wuraren ana miƙa wa mutum takarda mai tambayoyi 9 game da makonni biyun da suka wuce, ya nuna ko abu kaza yana samunsa kwanaki kaɗan ne ko kusan kullum. Akwai tambaya guda da kan girgiza mutane, ita ce ko sun taɓa jin gara mutuwa da rayuwa. Kada wannan ya ɓata miki rai, domin kowa ake yi wa ita, kuma amsar gaskiya ce ke ba ma'aikacin damar sanin irin taimakon da ya dace. Ki tafi da duk maganin da kike sha, har da na gargajiya. Idan kuka ya zo miki ki yi abinki, ba baƙon abu ba ne a wannan ɗaki, idan kuma aka taɓo wani batu da ba ki shirya buɗewa ba, kina da ikon cewa a bar shi sai wani zaman.

Sai wasiƙar wani malamin makaranta daga Katsina, wanda ke fargabar kada abin da ya faɗa ya kai kunnen iyalinsa ko shugabansa a wurin aiki. Malam, riƙe sirri yana cikin tushen wannan aiki, kuma ba a kai maganarka ga kowa sai da izininka. Iyakar abin ita ce inda aka ga rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta ba da umarni. Ka nemi a fayyace maka waɗannan iyakoki tun zaman farko. A Nijeriya ma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka bayyana ta a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin masu neman irin wannan kulawa.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalinmu ta zo ne daga wani matashi ɗan kasuwa a Maraɗi. Ya ce in dai magana ce kawai, ai yana da abokai a majalisa, me zai sa ya yanki kati ya bi layi don ya yi hira?

Tambayar tana da ma'ana, sai dai hirar aboki daban, wannan daban. Aboki zai ce maka ka yi haƙuri, ko ya ba ka labarin tasa matsalar, wani lokaci ma gobe ka ji zancenka a bakin wani. Shi ƙwararre tsari yake bi. Mu ɗauki hanyar da wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya shimfiɗa a shekarun 1960, wadda ke duba yadda tunani ke haifar da abin da mutum ke ji da abin da yake aikatawa. A ce ka gai da maƙwabcinka a kasuwa bai amsa ba, nan take zuciyarka ta ce maka ya raina ka, kowa ma ya raina ka, ka wuni a takure, washegari ka ƙi fita shago. Ma'aikacin zai sa ka rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya fara zuwa maka, da hujjar da ke goyon bayansa, da wadda ke karya shi. Ko maƙwabcin ya ji ka kuwa? Ko lissafi yake yi? Daga nan a ba ka aikin gida: ka sake gaishe shi gobe, ka dawo da labarin abin da ya faru. A ganinmu nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin suna zaton awa ɗayan da ake yi a mako ita ce maganin, alhali mafi yawan aikin yana cikin kwanaki shidan da ke tsakanin zama da zama. Irin wannan jinya kan ɗauki zama 5 zuwa 20, gwargwadon nauyin matsalar.

Ya kuma kamata ka san cewa a makonnin farko wasu kan ji abin ya ƙara yi musu nauyi, saboda an tono abin da suka daɗe suna binnewa, kamar yadda wanke gyambo ke da zafi kafin ya fara kamewa. Wannan ba dalilin gudu ba ne, a faɗa wa ma'aikacin ya rage sauri. Amma idan an yi zama uku ko huɗu kana jin ba a sauraronka, ko ana yi maka faɗa da gori, ka fito fili ka faɗa, in bai gyaru ba ka nemi a sauya maka wani, domin jituwa tsakanin mutum da mai kula da shi tana daga cikin manyan abubuwan da ke sa jinyar ta yi amfani.

Matashin ya ƙara da tambayar ko zuwa wurin ba raunin imani ba ne. Ba wanda zai ce ka bar salla ko addu'a, kuma ma'aikaci nagari yakan tambayi matsayin addini a rayuwarka don ya yi aiki da shi. Tun fiye da shekara dubu da suka wuce malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani sanadi na fili ba, ya kuma yi bayanin yadda ake tunkarar mugun tunani da kyakkyawa.

Masu tambayar inda za su dosa kuwa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano. Ƙwararrun ba su da yawa, don haka mai yiwuwa a ba ka rana mai nisa. Wanda ke jin zai iya cutar da kansa kada ya jira wannan rana, ya sanar da wani na kusa da shi, su tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a yau.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.