Hirar Bakin Binuwai: kowa na son gina ɗakunan haya a Garwa

Ladidi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Garwa. Yau ma mu uku ne, ni da Auta da Kawu. Kawu, ina wuni?

Kawu: Lafiya lau 'yata. Ya zafi?

Ladidi: Zafi lokacinsa ne. Tun makon jiya saƙonni suka yi mana yawa a WhatsApp, kuma duk magana ɗaya ce: minisite, wato gidan ɗakunan haya na ɗalibai. Kowa na son ya sayi fili ya jera ɗakuna saboda ɗalibai.

Auta: A majalisarmu ta Yelwa ma zancen ke nan. Tun da aka kafa jami'ar Garwa a 2022, duk wanda ya ɗauki adashi sai ka ji yana cigiyar fili. Abokina cewa ya yi kowa ya je Dang ya ga abin da jami'ar Ngaundere ta yi wa wurin.

Kawu: Abokinka ya yi gaskiya. Na san Dang tun kafin ta zama jami'a a 1993. Waɗanda suka sayi fili a lokacin, jikokinsu na cin moriya. Marwa ma haka aka yi bayan 2008. Amma kafin mu kai ga bulo da siminti, bari in tambaye ka, Auta: abokin naka wace takarda aka ce za a ba shi?

Auta: Takardar jauro, wato mai gari, da sa hannun shaidu huɗu.

Kawu: To nan gizo ke saƙar. Ina girmama jauro da lawan da lamiɗo, su suka san iyakar gonar kowa tun kaka da kakanni. Amma a dokar Kamaru, tun dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, takarda ɗaya ce hukuma ta sani a matsayin shaidar mallaka, ita ce titir fonsiye. Filin da ba shi da ita, a idon doka yana cikin ƙasar al'umma da gwamnati ke riƙo. Ka iya zama a kai, ka iya nomawa, amma ranar da aka tashi fitar da hanya, ko wani ya zo da titir a hannunsa, takardar shaidu huɗu ba za ta tsaya maka ba.

Ladidi: Kawu, mutane wahalar neman titir ɗin suke gudu. Yawo daga wannan ofis zuwa wancan.

Kawu: Akwai wahala, ban musa ba. Sai dai an rage ta. Da can sai takardunka sun je Yawunde. Tun gyaran da aka yi a Disamba 2005, a matakin dafartama, wato yankin da ke ƙasa da jiha, ake bayarwa. Ka kai buƙatarka ofishin sufurefe, wato jami'in mulkin gunduma, kwamiti ya fito ya ga filin, kuma a cikin kwamitin nan akwai sarkin wurin da dattawansa biyu, ka ga ba a ture sarauta gefe ba. 'Yan kadastir, wato ma'aikatan awon filaye, su auna, su kafa duwatsun iyaka, a yi sanarwa ko akwai mai ja. In kuwa filin yana da titir tun farko, to ciniki a gaban noter ake yi, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki. Wanda aka rubuta a zaure, ko a bayan kantin dillali, doka ba ta san da shi ba. Kuma kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka je ofishin ajiyar takardun filaye ka tambaya: sunan wa ke kan titir ɗin nan, an jinginar da shi a banki ko kuwa?

Auta: In na gado ne fa?

Kawu: Wannan ya fi kowanne cin mutane. Ni kaina ya ci ni. Shekarun baya na sayi fili hannun wani, na biya duka, har na sauke yashi da tsakuwa. Sai ga 'yan'uwansa mata uku da takardar kotu, ashe ba a raba gado ba, kason su ma yana ciki. Kuma suna da gaskiya, haƙƙinsu ne, Allah ne ya ba su. Shekara biyu ina bin kuɗina, da ƙyar na karɓi rabi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don kuɗin nan na cinikin albasa ne na shekara shida.

Ladidi: Allah ya mayar da alheri.

Kawu: Amin 'yata. Shi ya sa nake nanatawa.

Auta: To a ce takarda ta yi kyau. Mutane lissafinsu ɗaya ne: ɗaki goma, kowane sefa 15,000, a wata 150,000, ka kwanta kuɗi na shigowa.

Kawu: Ɗauko biro mu yi shi tare, misali kawai. Ɗalibi ba ya zama wata 12, in aka yi hutu ya tafi gida. Mu ce wata 10, sefa 1,500,000 ke nan a shekara, in duk ɗakunan sun cika kuma kowa ya biya. Cire fenti, cire kwasar masai, cire kwanon da iskar farkon damina ta yaye, cire haraji, mu ce 300,000. Saura 1,200,000. In fili da gini sun ci maka miliyan 15, sai bayan shekara 12 da rabi uwar kuɗinka za ta dawo. Ribar gaskiya tana cikin filin da ke ƙara daraja a ƙarƙashin ginin, shi ya sa wurin ya fi ginin muhimmanci.

Ladidi: Ba ka sa rigimar kontar, wato mitar wuta, a lissafin ba.

Auta: Kai! Mai firiza!

Ladidi: (dariya) Masu sauraro na tun farko sun san mai firiza.

Auta: Don sababbi: a gidan da nake haya da can, mu takwas ne a kan kontar ɗaya. Kowane wata kuɗin wuta na hawa, kowa na rantsuwa fanka ɗaya da ƙwai ɗaya gare shi. Ashe wani maƙwabci ya shigo da firiza da daddare, ya lulluɓe ta da darduma, ya ɗora tire da kofuna a kai kamar tebur.

Ladidi: Har an sha shayi a kanta!

Auta: Ni da kaina na sha. Ina jin teburin na gurnani, ya ce ai motar auduga ce ke wucewa a titi.

Kawu: Motar auduga da ƙarfe biyun dare, a watan Afrilu.

Auta: Abin da ya tona shi, yaran unguwa. Suka yi layi a ƙofa da silalla suna cewa a ba su ƙanƙarar zoɓo.

Ladidi: Kuma don Allah zoɓon nan ya yi daɗi. A zafin Garwa wa zai ga laifin mai ƙanƙara?

Auta: Har yau in na ji firiza ta tashi a shago sai in ce ga motar auduga nan.

Kawu: Ranar da aka yi zaman sulhu ma ai da ƙanƙarar aka tarbi mai gidan.

Ladidi: Ya sha biyu kafin ya fara faɗa!

Kawu: To ku dawo. Wannan labarin darasin mai gida ne. Kowane ɗaki a sa masa ƙaramar kontar tasa tun wurin gini, ruwa kuma a yanka kuɗinsa a rubuce. A yi yarjejeniya a takarda ko da ɗan ƙanenka ne zai shiga, musamman ma shi, don haya ga dangi ba rubutu ita ke raba zumunci. Sannan maganar ruwa. Wanda yake garin nan a 2012 ya ga abin da Binuwai ya yi da aka saki ruwan madatsar Lagdo. A 2024 mun ga ambaliyar Yagwa da Kuseri. Kada ka sayi fili a watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau. Ka koma ka gan shi a Agusta bayan an kwana ana ruwa, ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke tsayawa. Fili mai arha a kwari, arharsa na da dalili.

Ladidi: Wata 'yar'uwa daga Njamena ta tambaya, ita da ba ta da miliyoyi fa? Kosai take sayarwa, tana adashi.

Kawu: Ita ce ma na fi so in yi wa magana. Kada ta ci bashi mai ruwa don ta ga gini ya tashi da wuri. Akwai Kiredi Fonsiye, bankin ba da bashin gina gida, a nan Kamaru tun 1977, ma'aikata na zuwa can, amma da yawanmu ba ma son abin da ya taɓa riba, kuma haya ba ta gudu kamar yadda ruwan bashi ke gudu. Ta fara da fili mai takarda, ko ƙarami ne. Ɗauka ta gaba ta zagaye shi. Ta gaba ta yi ɗaki biyu da bayi. Kuɗin hayar biyun nan kada ta taɓa, su za su haifi na uku. Na san mata a Rumde Ajiya da suka yi haka, ɗaki ɗaki, har suka aurar da 'ya'ya da kuɗin haya. Kuma takardar ta fito da sunanta, ba na miji ba, ba na wa ba. Dokar Chadi daban ce da tamu, ta nemi noter a can ya duba mata.

Auta: Kawu, mun ce za mu rufe da zakkar gidan haya da yadda ake rabon...

Ladidi: An kira magariba, Auta.

Kawu: A taƙaice, ginin da ake haya ba a fitar masa da zakka, kuɗin hayar ne in ya kai nisabi kuma ya shekara a hannu. Wanda ya sayi fili don ya sayar kuwa hukuncinsa daban, wannan sai mun gayyato malami.

Ladidi: Mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Auta, kashe na'urar, Kawu har ya ɗauki buta.