Zanen Zigizag a Ɗakin Bahaushe: Laccar da Aka Gabatar a Sakkwato

Assalamu alaikum. Iyayena mata, 'yan'uwana, sannunku da haƙurin zafin nan. Abu uku na zo da su kan zanen nan mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto, wanda teloli ke kira zigizag: asalinsa, inda ake sa shi, da launi.

Na farko, asali. Wata ɗiyata ta nuna mini labule a waya, ta ce yayin Turai ne. Gaskiya akwai kamfanin Missoni a Italiya, tun 1953, da zanen nan ya yi suna. Amma na ce da ita, ɗauko faifan da kika rufe fura da shi. Ta ɗauko, ta yi shiru. Ga shi nan a jikin kaba, ja da baƙi, yana hawa yana sauka! Ku duba tabarma, ku duba ƙwaryar da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi.

To balle fata. Nan ku bar ni in ɗan daɗe. Ku je shiyar Madunka ku zauna wurin badukku, ku ga yadda ake yin tumtum, wato matashin nan na fata. Fatar jar akuyar nan tamu ce, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, alhali daga ƙasar nan ta fito. Da bagaruwa ake jeme ta. Jan launin daga karan dafi yake, baƙin kuma daga kashin maƙera. Baduku zai yanka fata siri-siri, ya jera, ya ɗinke, kowane tsini ya zauna daidai da ɗan'uwansa, ba ruwansa da rula. Ido ne kawai, ido da hannu. Hajiya a baya tana gyaɗa kai, da alama akwai shi cikin kayan ɗakinta. Kada ki bayar da shi, Hajiya, ko jika ta yi kuka! Fata tana ƙara kyau in ta tsufa, jan yana zurfi, yana sheƙi. Tumtum biyu a falo mai farin bango, wallahi sun ishi ɗaki.

Kuma abin da nake so ku riƙe ke nan: zanen nan surutu gare shi. Ido ba ya hutawa a kansa. In labule zigizag, kafet zigizag, matasan kujera zigizag, baƙo zai zauna ya ji jiri yana ɗibarsa. Abu ɗaya ya yi magana a ɗaki, sauran su saurara.

Na biyu... a'a, wannan ai shi ne na biyun. To launi, a gurguje: kada su wuce biyu ko uku, kuma ɗaya ya zama mai sanyi, kamar fari ko ruwan ƙasa. Ƙaramin ɗaki, ƙaramin zane.

Na'am, Malama?

(Wata ta tambaya ko ya dace a jera tayil a haka a ɗakin amarya.)

Madalla da tambaya. Ana yi, kuma yana kyau, musamman a dogon lungu, don yana jan ido gaba. Sai dai ki sani, duk inda jerin ya haɗu da bango sai an yanka tayil a karkace, saboda haka za ki saya fiye da na jerin miƙe, kuma kuɗin aiki ya ƙaru. Ki nemi mai sa tayil da ya taɓa yi, ki je ki ga aikinsa da idonki. Layi ɗaya ya kauce, har bakin ƙofa zai bi ki. Sannan ga ƙurar hunturu, tana kwanciya a tsakanin tayil, don haka kada a cike tsakanin da farin siminti. In kuma gidan haya ne, 'yar'uwa, bar ƙasan yadda yake, ki shimfiɗa tabarma mai zanen, ranar tashi ki naɗe abinki.

An kira la'asar ko? To, mu tashi.