Kibod Ya Daina Aiki Bayan Sabunta Windows? Kada Ka Yi Gaggawar Fomatin

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanku da wannan lokaci.

Jiya da daddare ka zo kashe kwamfutarka ta tebur, ta ce ka dakata tana sabunta Windows, kada ka cire mata wuta. Ka jira ta gama. Da safe ka kunna, ka zo wurin sa kalmar sirri, ka danna, ka sake dannawa, shiru kake ji. Ko kuma kibod ɗin yana rubutu, amma abin da ka danna daban, abin da ya fito a allo daban.

Kafin ka aiki yaro kasuwa ya sayo sabo, kafin kuma wani ya ce maka sai an yi wa kwamfutar fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinta, ka ba ni aron hankalinka na 'yan mintuna. Na taɓa shiga wani shagon buga takardu na tarar an goge kwamfuta ƙarƙaf saboda irin wannan matsala. Furojet ɗin ɗalibai, takardun neman aiki, hotunan fasfo na mutane, duk sun tafi. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin mafi yawan lokaci gyaran irin wannan bai kai minti goma ba, kuma ba ya taɓa fayil ko ɗaya.

Tambayar farko ita ce: kibod ɗin ne ya mutu, ko Windows ce ta daina jin sa? Duk abin da za mu yi ya rataya a kan wannan.

Dubi saman kibod ɗinka ta hannun dama, akwai 'yan ƙananan fitilu. Danna Caps Lock. Idan fitilar tana kunnuwa tana mutuwa duk lokacin da ka danna, to kibod da kwamfuta suna gaisawa, matsalar tana cikin saiti. Idan ko ƙyaftawa ba ta yi ba, sai mu yi gwaji na biyu, wanda na fi yarda da shi. Kashe kwamfutar, ka kunna, kuma da zarar tambarin kamfanin ya bayyana ka riƙa danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar na asali. A Dell F2 ne, a HP F10, a Lenovo na tebur galibi F1, kwamfutocin da aka harhaɗa kuwa yawanci Delete. BIOS yana tashi ne tun Windows ba ta farka ba. Saboda haka idan ka shiga, kuma maɓallan kibiya suna yawo sama da ƙasa, kibod ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ka fita ba tare da ka canza komai ba.

Idan a can ma bai motsa ba, cire wayar ka mayar da ita wani ramin USB na bayan kwamfutar. Na baya suna manne ne kai tsaye da babban allon da ke ciki, na gaba kuwa da 'yar waya ake haɗa su, kuma takan yi sako-sako. Mai kibod marar waya ya sa sabon batir tukuna. Mai tsohon kibod ɗin nan mai zagayayyen kai ruwan shunayya, wato PS/2, shi kuma ya sani ba a cusa shi kwamfuta tana kunne. A kashe, a saka, sannan a kunna.

To, mu ɗauka kibod yana da rai. Yanzu yaya za ka shiga Windows ba tare da shi ba? Linzaminka, wato mouse, ya isa. A shafin kalmar sirri, can ƙasa ta dama, akwai alamar sauƙaƙa amfani kusa da alamar kashewa. Danna ta, ka zaɓi On-Screen Keyboard. Ga shi nan, kibod ya bayyana a allo, sai ka riƙa danna haruffa da linzami ɗaya bayan ɗaya.

Da ka shiga, fara da abu mafi sauƙi: Restart. Na san za ka ce ai ka riga ka kashe ka kunna. Ba ɗaya ba ne. Tun daga Windows 8 akwai wani tsari na saurin tashi, wanda idan ka zaɓi Shut down ba ya kashe komai da komai. Yana ajiye wani ɓangare na tsarin tare da direbobi, wato manhajojin da ke haɗa Windows da na'urori, a faifai, ya ɗauko su yadda suke idan ka kunna. Idan direban kibod ya kwanta a birkice, a birkice zai tashi. Restart ne ke sa komai ya fara daga tushe. Bayan sabuntawa ma, sau da yawa akwai ragowar aikin da sai an sake kunnawa yake kammaluwa.

Idan bai warware ba, ga inda nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne aka fi yi wa kibod ƙazafi.

Akwai wani saiti mai suna Filter Keys. An yi shi ne don masu rawar hannu, don kada kwamfuta ta ƙirga dannawar da aka yi bisa kuskure. Idan yana kunne, duk dannawa ta sauri sai Windows ta yi watsi da ita. Ka buga kalma guda, babu abin da ya fito, ka ɗauka kibod ya mutu. Gwada wannan: ɗora yatsa a kan harafi ɗaya ka riƙe shi na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ya fito? To ga ɓarawon nan. Abin da ke kunna shi kuwa shi ne riƙe Shift na hannun dama har daƙiƙa 8. Ka tuna yadda mutum yake yi idan sabuntawa ta daɗe: ya jingina hannu a kan kibod, ya danna nan ya danna can don ya ga ko ta farka. A ganina, rabin abin da ake ɗora wa sabuntawa a nan yake faruwa. Ɗan'uwansa Sticky Keys shi kuma danna Shift sau 5 a jere ke kunna shi, sai ka ga haruffa suna fitowa manya ba dalili, ko taga tana buɗewa da kanta. A Windows 11 shiga Settings, Accessibility, Keyboard, ka kashe su duka biyun. A Windows 10 wurin sunansa Ease of Access. Ka shiga cikin kowannensu ma ka kashe gajeriyar hanyar da ke kunna shi, don kada gobe a maimaita.

Sai matsalar haruffan da suka sauya wuri. Ka danna Shift da 2 kana neman alamar imel, wato @, sai alamar zance ta fito. Kibod ɗin bai lalace ba, tsarin rubutu ne ya koma na Ingila alhali naka na Amurka ne, ko akasin haka. A na Amurka Shift da 3 yana ba da #, a na Ingila kuwa alamar fam ce. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi kowa sanin wannan, domin kibod ɗin Faransanci da suke amfani da shi da AZERTY yake farawa. Idan tsari ya juya, ka danna A sai Q ta fito, ka danna Z sai W. Babbar sabuntawa takan ƙara wani tsarin rubutu ko ta mayar da wani gaba. Haɗarin yana wurin kalmar sirri: idan akwai @ ko # a cikinta, za ka yi ta bugawa daidai kwamfuta tana cewa ba daidai ba, kuma ɗige-ɗige kawai kake gani. Danna 'yar alamar idon da ke gefen akwatin ka ga ainihin abin da ke shiga. A ƙasan allo ta dama za ka ga ENG ko FRA. Danna shi ka zaɓi naka, ko ka haɗa maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara. Wanda ba ka buƙata, cire shi a Settings, Time & language. Masu rubuta Hausa da ƙ da ɗ da ɓ, a nan za ku duba ko tsarin Hausa yana nan.

Idan kuma lambobin gefen dama ne kaɗai suka ƙi, Num Lock ne. Danna shi sau ɗaya.

Yanzu direba. Direba ita ce 'yar manhajar da ke yin tafinta tsakanin Windows da na'ura, kuma sabuntawa takan musanya ta. Danna alamar Start da maɓallin dama na linzami, zaɓi Device Manager, buɗe Keyboards. Za ka ga HID Keyboard Device, ko Standard PS/2 Keyboard. Idan akwai ɗan alwatika ruwan ɗorawa a jikinsa, to mun zo wurin. Shiga Properties, shafin Driver, ka duba Roll Back Driver. Idan yana dannuwa, danna, zai dawo da direbar da ke aiki a da. Idan ya dushe, zaɓi Uninstall device, ka yi Restart, Windows za ta girka ta da kanta. Kada ka ji tsoron wannan matakin. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne manhajojin da ke yawo a intanet suna cewa za su gyara maka dukkan direbobi da dannawa ɗaya. Kibod na yau da kullum ba ya buƙatar su.

Kana nan a wurin, gangara ƙasa zuwa Universal Serial Bus controllers. A kowane USB Root Hub, shiga Power Management, ka cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tanadin wuta. Wannan shi ne maganin kibod ɗin da ke aiki, amma da kwamfuta ta yi barci ta farka sai ya yi gum. A nan kada ka danna Uninstall device a kan komai, domin linzaminka ma a kansu yake.

Wani lokaci kuwa laifin na sabuntawar ne da gaske. Microsoft na fitar da sabuntawar tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata. Ta ranar 14 ga Oktoba, 2025, mai lamba KB5066835, ta sa kibod da linzami na USB sun daina aiki a shafin farfaɗo da Windows 11, wato shuɗin shafin da ake shiga idan kwamfuta ta ƙi tashi. A cikin Windows suna aiki, a wurin gyara ne suka tsaya, daidai inda aka fi buƙatar su. Kamfanin ya amsa matsalar, ya fitar da gyara na gaggawa mai lamba KB5070773 ranar 20 ga watan. A tsakanin nan, masu ramin PS/2 da tsohon kibod sun samu mafita, domin shi abin bai shafe shi ba. Idan kana da shago kuma kwamfutocinka suna da wannan rami, ka ajiye irin wannan kibod guda ɗaya a durowa.

Don haka kafin ka cire sabuntawa, fara danna Check for updates, wataƙila gyaran ya riga ya fito. Idan babu, shiga Settings, Windows Update, Update history, Uninstall updates. Duba ranakun, ka cire wadda ta shiga ranar da matsalar ta fara, sannan ka dakatar da sabuntawa na mako ɗaya ko biyu don kada ta dawo da daddare. Dakatarwa na ce, ba kashewa har abada ba, domin ita ke toshe ƙofofin da masu kutse ke bi. Idan kuma babban sauyi ne, kamar daga Windows 10 zuwa 11, akwai Go back a ƙarƙashin System, Recovery, amma kwana 10 kawai yake ba ka. Bayan nan tsofaffin fayilolin sun tafi, ƙofar ta rufe.

Saura wanda kibod ɗinsa ya faɗi gwajin BIOS a kowane rami. Ari na maƙwabci ka saka. Idan na aro ya yi aiki, naka ne ya gaji, sabuntawar ta zo ne kawai a kan gaɓa. Kife shi ka bubbuga bayansa a hankali ka ga ƙurar hunturu da ɓarɓashin da za su zubo, ka duba wayar daga inda ta fito ko ta karye. Idan na aron ma ya ƙi a duk ramukan, a nan ne za ka ɗauki kwamfutar zuwa wurin mai gyara, kuma ka faɗa masa tun daga bakin ƙofa cewa ramukan USB za a duba, kada a taɓa maka faifan ajiya.