Jawabin Maraba Ga Mai Girma Hakimi Daga Ajin Adabin Hausa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma hakimi, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni da suka rako ka, liman, shugaban makaranta, 'yan uwana malamai, iyayenmu na ƙungiyar iyaye da malamai, da ɗalibai, sannunku da zuwa, lale marhabin. Ranka ya daɗe mun san zaman fada bai ƙare ba ka taso, ga rana ga ƙurar hanya, Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya.

Ni ne malamin adabin Hausa na aji biyu na babbar sakandare, kuma shugaban makaranta ya ce in yi maka maraba a madadin kowa tunda kusan ajina ne ya jawo wannan ziyara, to bari in faɗi yadda akai.

A zangon nan mun karanta Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yawancin yaran nan firaminista kawai suka san shi da ita, sai hotonsa a jikin naira biyar, ba su san malamin makaranta ba ne kamar ni lokacin da ya rubuta littafin, bai daɗe da fitowa daga kwalejin Katsina ba, ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar nan dai da ta fito mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Ni a zatona za mu karanta ne mu fitar da jigo da salo da taurari mu wuce, kamar yadda jarrabawa ke so. Ashe ba haka ba.

Ka san labarin ranka ya daɗe. Yaro ne aka sace tun yana ƙarami, hannu zuwa hannu har Kano, daga nan wani Balarabe, Abdulkarim, ya ƙetare sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ya sa shi karatu har ya zama shehin malami. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, ita ma aka yaudare ta aka sayar, ba su haɗu ba sai a can ƙasar Larabawa tana gab da cikawa. Ranar da muka zo wajen nan ajin ya yi tsit, sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce malam me ya sa Shaihu bai yi fushi ba? Yana ba da labarin nan a natse sai ka ce ba shi abin ya sama ba, komai ƙaddara, komai haƙuri. Wani yaro ya ce ai bautar alheri ta zame masa, da ba a sace shi ba ina zai samu ilimin. Ta juyo ta ce to a tambayi uwarsa mana. Wallahi ranka ya daɗe shekarata goma sha a aji ban taɓa jin sharhin da ya kai wannan ba, kuma har yau ban gama ba ta amsa ba, don haƙuri tarbiyyarmu ce kuma addininmu ne, amma ni ban yarda haƙurin wanda aka zalunta yana wanke azzalumi ba, haka na faɗa musu.

Daga nan fa magana ta ɓalle. Suka ce ai addini ya halatta bauta, na ce to mu duba abin da malamanmu suka ce da kansu ba Turawa ba. Na kawo musu Ahmad Baba na Timbuktu wanda wajen 1615 ya rubuta fatawa ya ambaci Kano da Katsina da Borno da suna, ya ce mutanensu musulmi ne bai halatta a bautar da su ba, kuma ya ce baƙar fata ba hujjar bauta ba ce. Na tuna musu garin Gimbana, yadda mayaƙan Gobir suka kamo almajiran Abdussalami, wani almajirin Shehu Usman Ɗan Fodiyo, aka bi da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su, abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Sai wani ya ce to malam Gwarawan da ake kai wa hari a cikin littafin fa, su ba mutane ba ne? A ajin nan akwai yara biyu Gbagyi, wato Gwarawa. Kowa ya waiga ya kalle su, ni ma sai da jikina ya yi sanyi.

Abin da ya fi girgiza su shi ne kusancin abin. Sun ɗauka zamanin Fir'auna ne. Na ce a'a, dokar Gwamna Lugga ta 1901 'ya'yan da aka haifa bayanta kawai ta 'yanta, ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936, wato littafin nan ya riga sokewar fitowa. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa sai 2003 aka mayar da ita laifi a doka. Kasuwar Kurmi da suke zuwa sayen turare da kwalli an sayar da mutane a cikinta. Kalmomin zamanin bauta irin su murgu da rinji da bacucane da ƙwarƙwara duk sai da na fassara musu, amma zagin "ɗan bayi" kam kowa ya san shi, kuma wata ta ce an fasa auren yayarta ne bayan an je binciken asali, ba don halin yaron ba, don kakan kakansa. Ta faɗa tana hawaye.

Ba zan ɓoye maka ba, wani uba ya zo ya same ni ya ce ina tono abin da aka binne, in koyar da karin magana da kacici-kacici in bar yara su zauna lafiya. Na girmama shi, na fahimci tsoronsa, kowane gari akwai gidajen da aka san tarihinsu ba a faɗa. Amma yaran nan suna da waya a hannu, in ba mu muka yi musu bayani da ladabi ba wani zai yi musu a TikTok da ashar.

Shi ya sa muka rubuta maka takarda ranka ya daɗe. Ni littafi na sani, kai kuwa a gidan sarauta ka tashi, ka san cewa a fadar Kano Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne kuma masu su sun juya ƙasa, ka san gidajen da zumunci ya haɗe su har ba a iya rabewa. Wannan ɓangaren babu shi a littafin da muka karanta, kuma in daga bakinka suka ji cewa ba a auna mutum da yadda aka kawo kakansa garin nan, zai fi zama a zuciyarsu fiye da in na faɗa sau ɗari.

Sai koke guda ɗaya, don ba a ganin uba a rasa kuka. Ajin nan ya haura mutum sittin, kwafin littafin da muke da shi bai kai goma ba, sauran fotokwafi ne da yara suka yi karo-karo, wasu shafukan ma sun goge. Laburarenmu akwai kanta babu littattafan Hausa. In Allah ya hore, ko ta hannun masu hali na gari, muna roƙo a taimaka mana.

Yara sun shirya ɗan wasan kwaikwayo na wajen haɗuwar uwa da ɗa, minti goma ne, daga nan yarinyar nan za ta maimaita tambayarta a gabanka, ta ce ba ta jin tsoro. An ajiye maka kujera a gaban allo. Bismillah ranka ya daɗe, Allah ya maida kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.