Awa Talatin: Albashi da Inshorar Lafiya a Walmart

Jama'a, ku riƙe abu guda tukuna. A Amurka, yawancin masu aiki ta hannun kamfaninsu suke samun inshorar lafiya. Saboda haka awannin da aka rubuta wa ma'aikaci a mako su ne ke yanke ko zai iya ganin likita.

Dokar Obamacare ta 2010 ta ce duk kamfani mai cikakkun ma'aikata 50 zuwa sama sai ya samar da inshora ga mai yin awa 30 a mako, in ba haka ba ya biya tara. Wanda bai kai 30 ba kuwa, babu tilas. A watan Oktoban 2014 Walmart, babban kamfanin kantunan sayar da kaya na Amurka, ya sanar da janye inshora daga masu ƙasa da awa 30, wajen mutum dubu 30. Alƙalamin jadawalin aiki kuma a hannun manaja yake. Ya rubuta maka 28, magana ta ƙare.

Mu yi lissafi. A 2023 kamfanin ya ɗaga albashin farawa zuwa dala 14 a awa, kusan ninki biyu na dala 7.25 da gwamnatin tarayya ta tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi tun 2009. Awa 28 dala 392 ke nan a mako, ba a cire haraji ba, ga kuɗin haya. Mai inshorar ma bai tsira ba: ana yankar kasonsa daga albashi, sannan akwai wani adadi da zai fara biya daga aljihunsa kowace shekara kafin inshora ta karɓa. Nan mutane da yawa ke haƙura da asibiti har ciwo ya yi tsanani.

To wa ke ɗaukar ragowar? Mai biyan haraji. Rahoton hukumar bincike ta majalisa, GAO, na 2020 ya sa Walmart cikin na gaba-gaba wajen yawan ma'aikatan da ke kan Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, da tallafin abinci, a jihohin da aka duba. Kamfanin ya daɗe da sanin haka, don wata takardarsa ta cikin gida da ta fita a 2005 ta nuna kashi 46 cikin ɗari na 'ya'yan ma'aikatansa ko ba su da inshora ko suna kan Medicaid.

Jihar Maryland ta gwada magance wannan da doka a 2006: kamfani mai ma'aikata dubu 10 zuwa sama ya kashe kashi 8 na kuɗin albashi kan lafiya, ko ya ba jiha cikon. Kotun tarayya ta soke dokar a shekarar, ta ce ta ci karo da ERISA, dokar tarayya da ke kula da tsarin fansho da inshorar da kamfanoni ke ba ma'aikata.