Offa na Marsiya: Ganuwa, Dinare da Rikicin Gado

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Garba da Malam Nura, kuma yau tsakiyar Ingila muka nufa, zuwa masarautar Marsiya, wadda ta fi kowace ƙarfi a kudancin tsibirin daga 716 zuwa wajen 825. Malam Garba, a ina take?

Malam Garba: Wa alaikumus salam, Malama. Cibiyarta kwarin kogin Trent ne. Garuruwa uku za a riƙe: Tamworth, inda sarki ya fi zama, Lichfield, mazaunin bishop, sai Repton, inda ake binne sarakuna. Ta ko'ina maƙwabta ne masu takobi: Nozambiriya a arewa, Wesaks a kudu, Angiliya ta Gabas a gabas, Welsawa a yamma. Abin da ke damuna da tarihinta shi ne, babu littafin tarihi da mutanenta suka rubuta ya iso gare mu. Labarin farkonta daga alƙalamin Bede muka samu, malamin coci ɗan Nozambiriya da ya kammala littafinsa a 731. Labarin ƙarshenta kuma marubutan Wesaks ne suka bayar. Wato abokan gaba ne suka ba da shaida, farko da ƙarshe.

Nura: Shi ya sa mai son sanin Marsiya dole ya koma kan abin da ba ya ɓoye gaskiya sosai: takardun kyautar ƙasa, tsabar kuɗi, wasiƙu, da abin da aka tono.

Hadiza: To a fara da sarki Penda, tunda shi ne ya ɗaga sunan gidan sarautar Marsiya.

Nura: Penda bai taɓa shiga Kiristanci ba har ya mutu. A 633 ya haɗa kai da Cadwallon, sarkin Gwynedd na Wels, suka kashe Edwin na Nozambiriya. A 642 ya kashe Oswald, shi ma sarkin Nozambiriya, a Maserfield. Salon mulkinsa shi ne hari, ganima, a raba wa mayaƙa, su kuma su dawo baɗi. A 2009 wani mai neman ƙarfe da na'ura ya tono taska a wata gona kusa da Hammerwich, ba nisa da Lichfield: zinare sama da kilo 5, azurfa kusan kilo ɗaya da rabi. Galibi adon ƙotar takubba ne da aka ɓamɓare, aka lanƙwasa, ba ruwan takobin ko ɗaya. Ba a san mai ita ba, amma ta ƙarni na 7 ce, kuma ta nuna abin da ake yaƙi dominsa.

Malam Garba: Illar wannan salon ta fito a 655, a yaƙinsa da Nozambiriya a bakin kogin Winwaed. Bede ya ce Penda ya zo da manyan jagorori 30. Rundunar haɗin gambiza ce, kowa da nasa lissafi. Wasu suka zame kafin a gwabza, kogi ya cika da ruwan sama, waɗanda suka nutse wajen gudu sun fi waɗanda takobi ya ci. Penda ya mutu a nan. Amma a yi masa adalci: shi kansa Bede ya yarda cewa bai hana wa'azi a ƙasarsa ba, abin da ya raina shi ne mutumin da ya ce ya yi imani amma ba ya aiki da shi.

Hadiza: Bayan shekara uku manyan Marsiya suka tayar da ɗansa Wulfhere, suka kori wakilan Nozambiriya. Mu tsallaka zuwa sarakuna biyu da suka yi shekara 80 a tsakaninsu, Athelbald daga 716 zuwa 757, Offa daga 757 zuwa 796. Tambayata, Malam: sarkin da ba shi da ma'aikata masu albashi, da me yake ciyar da fada?

Malam Garba: Da ƙafarsa yake bin abincin. Ana ƙidaya ƙasa da gandu, wato gonar da za ta riƙe iyali guda, kuma kowane yanki yana da abin da zai kai rumbun sarki. Akwai wata takarda ta ƙarshen zamanin Offa a kan wata ƙasa a Westbury. Abin da za ta biya: shanu 7, raguna 6, cuku 40, manyan ganguna 2 na giya da wasu ƙananan awo, sai hatsi mudu 30 na awonsu da gari mudu 4. Cuku da giya ba sa jiran dogon zango, don haka fada ce ke yawo daga wannan gidan sarki zuwa wancan tana cinyewa, ana shari'a a hanya. Akwai kuma wani tsohon jerin ƙabilu da yawan gandayensu: ainihin Marsiya 30,000, Kent 15,000, Hwicce 7,000, har da ƙananan da ba su wuce 300 ba. Masana da yawa suna ɗaukarsa a matsayin jerin haraji.

Nura: A nan ne aka samu ɓaraka. Ƙasar da aka ba coci da takarda takan fita daga yawancin hidimomin sarki, har abada. Idan kyauta ta yi yawa, wa zai gyara gada? Athelbald ya matsa wa gidajen zuhudu lamba, har Boniface, bishop ɗan Ingila da ke wa'azi a Jamus, ya aiko masa da wasiƙar tsawatarwa wajen 747, kan cin dukiyar coci da lalata da mata masu zuhudu. A 749, a Gumley, aka daidaita: an yafe wa coci sauran nauyi, ban da aikin gada da aikin ganuwa. A zamanin Offa an haɗa da fita yaƙi, suka zama wajibai uku da ba a yafe wa kowa. A ganina wannan ya fi duk yaƙe-yaƙensu muhimmanci, domin a kansa Alfred na Wesaks ya tsaya daga baya lokacin da yake gina garuruwa masu ganuwa.

Hadiza: Amma Athelbald bai mutu a kan gadonsa ba.

Nura: Dogaransa ne suka kashe shi a Seckington, a 757. Wani Beornred ya hau, Offa ya kore shi a shekarar.

Hadiza: To Offa. Kowa ya san shi da ganuwa.

Malam Garba: Ganuwar ƙasa ce a kan iyakar Wels. Abin da ya rage ya kai wajen kilomita 130. Yadda aka yi ta: a haƙa gwalalo a ɓangaren yamma, a juye ƙasar a gabas ta zama tudu. A wasu wurare faɗin rami da tudu ya kai mita 20, tudun kuma har yau ya haura mita 2. An bi da ita ta gefen tuddai yadda mai tsayuwa a kai yana hangen yamma, wato ƙasar Powys ta Welsawa. Wanda ya san badalar Kano ya san irin hannayen da aikin ƙasa yake ci, sai dai wannan ba gari ta kewaye ba, miƙewa ta yi. Asser, wanda ya rubuta tarihin Alfred wajen shekara 100 bayan Offa, shi ya ce Offa ya gina ta daga teku zuwa teku. A ƙasa kuwa akwai giɓi masu yawa, kuma gwajin da aka yi a 2014 kusa da Chirk ya nuna wani sashe zai iya girmar Offa.

Nura: Ni dai, Malam, ban ɗauke ta katangar tsaro ba. Ba a samu alamar sansanonin dakaru a jikinta ba. Abin da take hanawa shi ne kora shanun sata cikin sauri.

Malam Garba: Ai hana satar shanu ma tsaro ne, Malam Nura, a ƙasar da shanu ne dukiya.

Hadiza: Ku bar ni in kawo abin da na fi so a wannan labari, kuɗi. Offa ya yaɗa kwabon azurfa mai faɗi da siranta, ɗauke da sunan sarki a fuska ɗaya, sunan maƙerin kuɗi a ɗaya. Sunan maƙerin ba ado ba ne. Idan aka auna aka ga nauyi ya gaza ko an gauraya azurfar, an san wanda za a kama. Da farko nauyinsa wajen giram 1.2 ne, sai wajen 792 aka ɗaga shi zuwa kimanin giram 1.4. A Kantabari da Landan da Angiliya ta Gabas ake bugawa. Ana zana hatimi biyu na ƙarfe, a sa faifan azurfa a tsakani, a buga da guduma. Har matarsa Cynethryth an buga kuɗi da sunanta, kuma ita kaɗai ce sarauniyar Angilo-Sakson, wato Ingilawan wancan zamani, da ta samu haka. Sai kuma dinaren Offa.

Nura: Shi ne mutane ke yawan tambaya a kai. Yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, ƙwaya ɗaya tak. Zinare ne, nauyinsa giram 4 da 'yan kai. Kwaikwayon dinaren halifa Mansur na Abbasiyya ne, mai shekarar Hijira 157, wato 773 zuwa 774. Fuska ɗaya tana ɗauke da "La ilaha illallah wahdahu la sharika lahu". Ɗaya fuskar "Muhammad Rasulullah", kuma a tsakanin layukan an cusa sunan Offa da kalmar sarki da haruffan Latin.

Hadiza: Daga nan wasu suke cewa ya musulunta.

Nura: Hujja ba ta kai nan ba, kuma bai kamata mu faɗi abin da muke so ya zama gaskiya ba. Idan ka riƙe shi yadda Larabcin zai karantu, sunan Offa a kife yake. Akwai kurakurai a haruffan Larabcin, irin na wanda yake kwafar zane ba rubutu ba. Sannan wannan mutum ne da ya karɓi jakadun Fafaroma a 786, ya yi alkawarin aika wa Rum zinare 365 kowace shekara, ɗaya a kan kowace rana. Kowane zinare a lissafinsu daidai yake da kwabon azurfa 30. Dinaren ma a Rum ya fara bayyana a ƙarni na 19, shi ya sa wasu ke ganin cikin irin wannan kyauta ya tafi. Wasu kuma suna ganin don kasuwancin Bahar Rum aka yi shi. Ko wanne ne, abin da ya tabbata ya isa abin alfahari: dinaren Musulmi shi ne zinaren da aka yarda da shi, har sarki a can ƙarshen Turai ya ga siffarsa zai ara kafin a karɓi nasa.

Malam Garba: Ga kuma wasiƙar Sharliman, sarkin Faransawan da, ta 796. Ya kira Offa ɗan'uwa. Sun taɓa ɓatawa wajen 790: Sharliman ya nemi 'yar Offa ga ɗansa, Offa ya ce to a ba ɗansa shi ma 'yar Sharliman, sai aka fusata aka rufe tashoshin jiragen ruwa. A wasiƙar sulhu, an yafe wa masu ziyarar ibada zuwa Rum kuɗin fito, amma fataken da ke sajewa da su don kauce wa haraji za su biya. Offa ya nemi baƙaƙen duwatsu, waɗanda da yawa ke fassarawa da duwatsun niƙa, shi kuma Sharliman ya ce a mayar da mayafan da ake aiko musu zuwa tsawonsu na da.

Hadiza: Duk wannan ƙarfi, me ya sa gidansa bai ɗore ba?

Malam Garba: Gado. A Marsiya duk namijin da ya fito daga zuriyar sarauta yana iya neman kujera. Offa ya so ya toshe wannan ƙofa. Ya nemi a shafa wa ɗansa Egfrith man sarauta tun yana raye. Jaenberht, babban bishop na Kantabari, ɗan Kent ne, Kent kuwa ta yi wa Offa tawaye a Otford a 776, sai wajen 785 ya sake riƙe ta. Don haka a 787 ya sa aka raba yankin Kantabari, aka ɗaga Lichfield ta samu babban bishop nata, Hygeberht, aka naɗa Egfrith a shekarar. Ƙananan sarakunan Sasaks da Hwicce ya mayar da su hakimai. A 794 ya sa aka fille kan Athelberht, sarkin Angiliya ta Gabas. Offa ya rasu a Yulin 796. Egfrith ya yi kwana 141 a kan mulki, ya bi shi. Alcuin, malamin Ingila da ke fadar Sharliman, ya rubuta cewa jinin da uba ya zubar don tabbatar wa ɗa sarauta shi ne ya sauka a kan ɗan. Kujera ta koma hannun Coenwulf, dangi na nesa.

Nura: Kada a raina Coenwulf, ya riƙe ƙasar har 821. Amma shi da kansa ya nemi a rushe darajar Lichfield, aka yi haka a 803. Bayansa gidaje daban-daban suka shiga kokawa. A 825 Egbert na Wesaks, wanda Offa ya taɓa taimakawa aka kora gudun hijira, ya karya Beornwulf, sarkin Marsiya, a Ellendun. Kent da Sasaks da Esaks suka koma hannun Wesaks, Angiliya ta Gabas ta ɓalle ta kashe Beornwulf. Kantabari da ke Kent da maƙerar kuɗinta sun tafi ke nan.

Hadiza: Sai mayaƙan Viking, mahara daga arewacin Turai, suka ƙarasa. Sun yi sansanin hunturu a Repton daga 873 zuwa 874, a kan maƙabartar sarakuna, sarki Burgred ya gudu Rum ya mutu a can. A 877 suka raba ƙasar, suka ɗauki gabas. Yammacin ya rayu, kuma wadda ta fi yi masa aiki mace ce, Athelflad 'yar Alfred, wadda ta yi mulki ita kaɗai daga 911 bayan rasuwar mijinta, mai mulkin yankin. Da waɗancan wajibai na aikin ganuwa ta gina Tamworth da Stafford da Warwick, ta ƙwato Derby a 917, Leicester ta miƙa wuya a 918. Ta rasu a Tamworth a Yunin wannan shekara. 'Yarta Alfwynn ta gaje ta na 'yan watanni, sai kawunta Edward, sarkin Wesaks, ya tuɓe ta ya tafi da ita kudu.

Malam Garba: Malama, Athelflad fa ta cancanci zama na musamman, musamman yadda ta zaɓi wuraren gina garuruwan a kan koguna da tsofaffin hanyoyin Rumawa.

Hadiza: To da ita za mu buɗe shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Malam Garba, Malam Nura, na gode. Masu sauraro, a huta lafiya.